Littafin Mamarasul da Na Ci Amanarsa

Da sunan Allah. Ni Kuldash Mirzabayev, na unguwar masu rini a Kokand, nake rubuta wannan da hannuna a watan huɗu na 1989. Shekarata saba'in da bakwai. Ƙafafuna sun daina ɗaukata, amma hankalina yana nan daram. Rawshan, Mohira, ku karanta tare, ku kai ƙarshe kafin ɗayanku ya yi magana.

Na ɗaya. Gidan nan na Mohira ne, ita ta yi jinyar mahaifiyarku a cikinsa. Gonar inabi ta Rawshan ce. Littattafaina goma sha ɗaya na yara kuwa naku ne ku biyu, ban da waƙa guda.

Na biyu. Waƙar ita ce "Ɗan Shamuwa Ya Makara". Ita ta sa aka san ni, ita ke cikin littafin aji biyu, ita Mohira ke koya wa ɗalibanta kowace shekara. Ba ni na yi ta ba. Ta Mamarasul Yoldashev ce, abokina, wanda ba ku taɓa jin sunansa a bakina ba.

Tare muka fara koyarwa. Dogo ne, mai dariya, kullum da farar hula. A kakar 1937 hukuma ta fara kwashe marubuta. Wata safiya muna shan shayi a bakin rafi ya turo mini ƙaramin littafinsa ta ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Kuldash, kai matsoraci ne, ba wanda zai yi tunanin bincikarka. Riƙe mini, in na dawo ka biya ni da shinkafa da naman rago." Muka yi dariya. Bayan kwana uku aka tara mu a wani zaure, aka karanta sunansa, aka ce wanda ya yarda maƙiyin jama'a ne ya ɗaga hannu. Yana zaune a gabana. Ya waigo ya dube ni. Na ɗaga.

Aka tafi da shi, bai dawo ba. Bayan yaƙin duniya aka nemi waƙar yara, ni kuma ba abin da ke fitowa daga alƙalamina. Na ce wa kaina in na buga tasa da sunana ai na cece ta. Na sauya kalma ɗaya: inda ya ce ɗan shamuwa ya dawo gida "shi kaɗai", na mayar da ita "da murna".

Tun daga nan, duk makarantar da aka gayyace ni, yara suka miƙe suna rera ta, sai in gan shi a bencin baya, rana tsaka, da farar hularsa, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Ba ya hararata. Leɓunansa kawai ke bin yaran, in an zo wurin nan sai ya faɗi tasa kalmar. Shi ya sa kuke ganin ina fita kafin a gama, ba ciwon kai ba ne. Yanzu da ba na iya zuwa ko'ina, shi ke zuwa. Jiya bayan azahar yana zaune a kan dakalin tsakar gida.

Na uku. Littafin yana cikin akwatin mahaifiyarku, ƙarƙashin bargunan aure, naɗe a jan ƙyalle. Da haruffan Larabci ya rubuta, waɗanda ba a koya muku ba. Ku nemi dattijon da zai karanta muku. Waƙoƙi ashirin da uku ne, kuma kowace ta fi duk abin da na rubuta. A buga su da sunansa, a mayar masa da kalmarsa.

Na huɗu. Yana da 'ya, Muborak, tana saƙar siliki a Margilan. Sau ɗaya na gan ta, a 1961, a ƙofar wata makaranta. Ta riƙo hannun 'yarta ta ce, "Kawu, ina 'yar shekara biyar babana yake rera mini wannan waƙar a kan kafaɗarsa. Ashe tare kuka koye ta?" Na ce, "Haka ne, 'yata." Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi godiya ta tafi. Ku je ku biyu, ku miƙa mata littafin hannu da hannu. Kada ku ce tsoro ne ya sa ni, kada ku ce zamani ne. Ku faɗa mata na ɗaga hannu.

Na biyar. Rawshan, na san shekara biyu kana sintiri don a sa wa titinmu sunana. Ka bari. Na kuma san tun ranar jana'izar mahaifiyarku ba ka taka gidan nan sai ƙanwarka ba ta nan, saboda maganar da ta faɗa maka a gaban mutane, cewa ba ka zo jinya ba. Mohira, gaskiya kika faɗa, amma ba wurin faɗinta ba ne. Ki ba yayanki haƙuri. Abin da zai biyo bayan takardar nan mai nauyi ne: za a yi da ku a kasuwa, ɗalibai za su tambayi malamarsu, wasu za su daina gaishe ku. Ɗayanku ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.

A binne ni kusa da Hosiyat, mahaifiyarku. A dutsen a rubuta sunana da shekaruna kawai.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku 'ya'yanku, ya ba ku ƙarfin halin da ban samu ba. Ku riƙe juna. Duk sallah ku haɗu a gidan nan, a shimfiɗa ɗaya, tukunya ɗaya. Ku aika wa Muborak. In ta ƙi zuwa tana da gaskiya, kada ku matsa mata. Shekara mai zuwa ku sake aikawa.

Mahaifinku,
Kuldash