Usur ɗin da Na Busa wa Baldo

Talata, 3 ga Oktoba

Na dawo daga Masbate da jirgin ruwan safe. Wasa biyu, zagi kuwa ba a magana. Wata tsohuwa a bayan benci ta yi ta kirana makaho tun daga farkon wasa har ƙarshe, da aka tashi kuma ta tare ni a ƙofa wai in ɗauke ta hoto da jikanta. Na ɗauka.

Gida yana nan yadda na bar shi. Kofin da na sha kofi ranar Juma'a yana kan tebur, tururuwa sun gama da shi.

Laraba, 4 ga Oktoba

Sir Arsenio, shugabanmu na alƙalan gasar ƙwallon kwando ta larduna, ya sake turo mana saƙon nan nasa: ban da cin abinci da 'yan wasa, ban da hawa mota ɗaya da su, ban da hoto. Ba da ni yake ba. Shekara tara ina busa usur a gasar nan, ko ruwan sanyi ban taɓa karɓa a hannun wata ƙungiya ba.

Da rana na je cin batchoy, miyar taliyar nan, a kasuwa, talabijin na kunne, sai ga Baldo ana hira da shi. Wai bana ce shekararsa ta ƙarshe. Yana da shekara arba'in da ɗaya, gwiwa duk a naɗe, har yanzu yana tsaron ƙarƙashin kwando wa ƙungiyar Masu Yankan Rake a Negros. Furfura ta fito masa a gemu. Ban sani ba sai yau.

Layi ɗaya muka tashi da shi a garin nan, da silifas muka koyi ƙwallo a bayan coci. Shi ya riƙe 'yata Cheche ranar baftismarta, tun daga nan muke kiran juna Pare, wato kumpare, yadda uban yaro da uban baftisma suke kiran juna. Da matata Tessie ta rasu, shi ya ɗauki gaban akwatin, kuma kullum da yamma sai ya zo ya zauna da ni a baranda. Ranar addu'ar arba'in na ce masa idan gasa ta fara ya rage zuwa, saboda idon mutane. Ya dube ni ya ce, "To, alƙali." Shekara huɗu ke nan. Gasa ta ƙare ta sake farawa sau nawa, bai ƙara takowa ba, ni ma ban je ba. Gidansa tafiyar minti goma ce.

Miyar ta yi gishiri yau.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Cheche ta kira daga Cebu kafin ta shiga asibiti aiki. Ko na ci abinci, ko ina shan maganin hawan jini. Ta ce ranar Asabar Ninong Baldo, ubanta na baftisma, yana da wasan da in suka faɗi an fitar da su, ko zan kalla. Na ce in na samu lokaci. Ta yi dariya, ta ce Tay, haka take cewa Baba, me kake da shi ban da lokaci.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na wanke rigunan aiki, na goge. Ban yi magana da kowa ba yau sai mai kifi.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Guguwa ta rufe Manila, jirgin sama ba ya tashi. Biyu daga alƙalan wasan gobe sun maƙale can. Sir ya kira da hantsi, ya ce ni kaɗai ne zan iya tsallakawa Negros ta ruwa. Na tuna masa abin da ke tsakanina da Baldo, ai tun ranar da aka ɗauke ni aiki na faɗa, shi ya sa ba a taɓa ba ni wasansu ba. Ya ce ya sani, amma ba shi da kowa, kuma a duk mutanensa ni ne wanda ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Na ji daɗin maganar. Gaskiya ke nan, na ji daɗi. Na haɗa jaka.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ina cikin jirgin komawa. Bari in rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Zauren ya cika tun ƙarfe uku, har kan tagogi akwai mutane. Muna duba agogo a teburin alƙalai sai manajan ƙungiyar baƙi ya matso kusa da ni kamar zai gaishe ni, yana murmushi, ya ce a hankali, "Alƙali, an ce mai lamba goma sha huɗu kumparenka ne. Ba komai fa. Muna dai kallo."

Na ci gaba da duba agogon. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji har aka fara.

Baldo bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya yi wasa kamar ɗan shekara talatin, duk da ina ganin yadda yake cije baki in ya dira. Abokan aikina biyu sun busa masa laifi sau da dama, saura ɗaya a fitar da shi. Ni ban busa masa ko ɗaya ba, don ban ga abin busawa ba, kuma duk lokacin da na wuce bencin baƙi sai in ji ana cewa, "Kumpare, kumpare."

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya, Masu Yankan Rake na gaba da maki ɗaya. Yaron baƙi ya kutsa ta gefena ya tashi sama. Baldo ya tashi tare da shi, hannu a miƙe, ya doke ƙwallon. Ƙwallon kawai. Ina tsaye taku uku daga wurin, babu wanda ya tare mini gani.

Na busa.

Aka fitar da shi. Yaron ya jefa biyu daga layi, duka suka shiga. Aka tashi haka. Robobin ruwa, kwabbai, har takalmi ɗaya. 'Yan sanda ne suka fitar da mu ta ƙofar baya. Kafin nan dai na ga Baldo yana tafiya zuwa benci yana jan ƙafa, mutane suna kiran sunansa. Bai yi gardama ba. Ni da ya zage ni ma da ya fi mini.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na kashe waya.

Talata, 17 ga Oktoba

Na kunna. Bidiyon ya zagaya ko'ina, an rage masa gudu, an zana jar da'ira a kan hannunsa. Tsakanin hannun da jikin yaron za a iya wuce da faranti.

Ofishin gasa sun dakatar da ni sai sun neme ni. Sir ya ce kada in damu, kowa yana kuskure, kuma ko ba komai yanzu babu mai cewa ina da son kai. Yabo yake nufi. Na ajiye wayar na je na tsaya a bayan gida wajen bishiyar gwanda, na daɗe.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na haɗu da Minda, matar Baldo, a layin masu kayan miya. Babu hanyar kaucewa. Na ce Mare, yadda ake kiran matar kumpare, ina kwana. Ta amsa, ta ci gaba da zaɓen tumatir. Na tambayi jikinsa. Ta ce ya dawo jiya, gwiwar ta kumbura kamar kwakwa, likita ya ce sai an yi aiki. Sai ta ɗago ta ce, "Ka rame, Pare." Ta biya ta tafi.

Da ta yi mini faɗa a gaban mutane da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Cheche ba ta kira da safe ba. Na zauna kusa da wayar har aka fito daga coci. Da la'asar ta turo saƙo: "Tay, ka je ka gan shi." Shi ke nan, ko tambayar magani babu.

Na rubuta masa saƙo sau uku na goge. Me zan ce, na yi kuskure? Kuskure shi ne wanda ido bai gani ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Kwana goma sha biyu ba jaka, ba jirgi. Ashe ban san gidan nan ba da rana tsaka. Rana tana shigowa ta tagar kicin ta sauka daidai inda keken ɗinkin Tessie yake.

Na fita da yamma da niyyar zuwa. Na kai har kwanar shagon walda, ina hango rufin gidansu da kwandon da ya kafa a jikin bishiyar mangwaro. Na sayi ƙusa da ba na buƙata, na juyo.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ranar matattu. Na je maƙabarta tun da safe da kyandir da fenti. Ko'ina iyali ne, an shimfiɗa tabarmi, an buɗe tukwane, yara na guje-guje tsakanin kaburbura, wasu na karta. Ni kaɗai a wajen Tessie, Cheche tana aiki. Na goge, na shafa fenti, na zauna. Maƙwabtan kabari suka miƙo mini ƙunshin shinkafa mai kwakwa, na ce na ƙoshi.

Wajen azahar na ga mutane suna buɗa hanya. Baldo ne da sanduna biyu, Minda a bayansa da kwando. Ashe duk shekara suna zuwa, da rana, bayan na tafi. Bana ne na daɗe.

Ya kunna kyandir ɗinsa ya ajiye kusa da nawa. Ya zauna a bakin kabarin da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Minda ta ce za ta je wajen kabarin iyayenta ta dawo. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka san ban taɓa shi ba."

"Na sani."

"A bidiyo ka gani, ko tun a fili?"

Na so in ce a bidiyo. Har bakina ya buɗe. Na ce, "Tun kafin in sauke usur daga bakina. Tsoro na ji kada a ce na bar ka don kai ne."

Ya daɗe yana murza sandarsa a ƙasa. Ya ce shekara ashirin da biyu yana wasan nan, gari goma sha ɗaya, bai taɓa ɗaga kofi ba, kuma ba kofin ne ya dame shi ba. So yake ya fita da ƙafarsa, ya ɗaga wa mutane hannu. Ya ce, "Shekara huɗu ka hana ni zama a barandarka don kada a ce kana so na. To ka huta, Hermie. Duk ƙasar nan yanzu sun shaida."

Na ce ya yafe mini. Ya ce bai sani ba tukuna, kada in matsa masa.

Da Minda ta dawo ta buɗe kwandon, ta zuba taliyar pansit faranti uku ba ta tambayi kowa ba. Na ci. Shi kuma ya fara ba Tessie labari kamar tana zaune, wai Mare, kin ga mijinki, har yau bai iya shafa fenti ba, duba yadda ya ɓata miki suna. Gaskiya ne, na shafe rabin harafin ƙarshe. Minda ta yi dariya har ta ƙware.

Da za su tafi ya kasa tashi. Na kama shi ta hammata. Ya yi nauyi fiye da yadda na sani.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na kai wa su Baldo kifi. A ƙofa na so in miƙa in juyo, Minda ta ce ba ta karɓar kaya a ƙofa. Yana kwance a falo yana kallon wasa, bai ce zauna ba, bai ce tafi ba. Na zauna. Duk usur ɗin da aka busa a talabijin sai ya juyo ya ce, "To malam masani, wannan fa?" Sau biyu na ce alƙalin ya yi daidai, sau biyu ya ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Ranar Juma'a za a yi masa aikin, a birni.

Talata, 7 ga Nuwamba

Sir ya kira. An ɗage dakatarwar, kuma ya sa ni a wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar a Mindanao, tashi ranar Juma'a da safe. Ya ce ya yi faɗa sosai kafin a yarda, irin wannan wasan ba a ba wanda ya dawo daga dakatarwa. Na gode masa, na ce ba zan samu zuwa ba, ina da mara lafiya. Ya tambayi wa, na faɗa masa. Ya ce in fa sani akwai yara da yawa da ke jiran gurbin nan, kuma ba zai iya mini alƙawarin baɗi ba. Na ce na gane.

Ba wani abu ba ne. Minda ba za ta iya sa shi a mota ita kaɗai ba, kuma dole wani ya tsaya layin magani yayin da take wajensa. Ko wane maƙwabci ma zai yi haka.

Na aro motar mai walda, sai dai birkinta ya yi sanyi, gobe zan kai a duba. Baldo ya ce in zo ƙarfe shida, kuma kada in kuskura in zo da burodin shagon kwana, na wajen tasha yake ci.