Diddige a Gaban Layi

Litinin, 16 ga Disamba

Sun cire ni. Baba Mpendulo, shugaban ƙungiyar kurket ta ƙauyenmu, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo, ya zo har gida yana murza hula a hannu. "Zolile, bana ka huta, gwiwarka ta gama aiki. Lunga ne zai buɗe jifa." Lunga ɗan ƙanwata, direban tasi! Ni da na yi wa ƙasarmu jifa shekara tara, Turawa na kakkauce wa ƙwallona a Ingila. Wai ni za a ba farar riga in yi alƙalanci a gasar Kirsimeti da ake cin tunkiya, in tsaya ina riƙe wa mutane huluna. Na ce ya fita kafin in manta da furfurarsa.

Laraba, 18 ga Disamba

Alƙalin wasa! Duk duniya ba waɗanda na tsana kamarsu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, muna karawa da 'yan Indiya a gidansu. Maki ɗaya suke nema, mai bugu ɗaya ya rage musu. Na jefa, ƙwallon ya daki sandunan da mai bugu ke karewa, sanda ta tashi sama tana juyi, abokaina suka taho da gudu suna murna, ina waigawa na ga alƙali ya miƙa hannu gefe. Wai diddigena ya haye layi, jifan bai ƙirgu ba, makin nasu ne. Daga ranar ba a sake kirana ba. Ƙarya yake yi. Na faɗa a rediyo, na faɗa a coci, zan faɗa a kabari.

Asabar, 21 ga Disamba

Matata Nokuzola ta goge rigar ta rataye a ƙofa. "Baban Zintle, ko ka sa, ko ka zauna gida ka yi ta zagin talabijin. Ni dai na gaji." Matar nan ba ta jin tsorona ko kaɗan.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na sa. Ta matse ni a ciki.

Lunga na da gudu, ba zan yi ƙarya ba, amma diddigensa kullum a bakin layi yake sauka. Da aka tafi hutu na ce ya ja alamar gudunsa baya da rabin taki. "Haba Kawu, ba kai kake cewa alƙalai duk makafi ne ba? To ka makance mana mu ci nama." Kowa ya fashe da dariya. Marar kunya.

Asabar, 28 ga Disamba

Wasan ƙarshe, mu da mutanen tsallaken kogi. Tunkiya ɗaure a gindin bishiya, matanmu har sun hura wuta. Maki ɗaya suke nema, mai bugu ɗaya ya rage musu.

Lunga ya jefa, sanda ta tashi. Ni kaɗai nake kallon ƙasa: diddigensa ya wuce farin layin da faɗin yatsa biyu. Ba wanda ya gani. Na miƙa hannu.

"Kawu! Kawu, ni ne fa!"

Uwarsa ta shigo fili da ludayi a hannu tana cewa hassada ce ke cina. Suka ja tunkiyar suka haye kogi suna waƙa, mu kuma aka ci masara da wake gaya. Raina a ɓace yake, da su, da shi, da hannun nan.

Lahadi, 29 ga Disamba

Ba wanda ya zauna a bencinmu a coci. Su ƙarata.

Talata, 31 ga Disamba

Lunga ya zo da safe, ko gaisuwa babu.

"Kawu, da gaske na haye?"

"Yatsa biyu."

"Ban ji ba. Da zan iya rantsuwa ban haye ba."

"Ai ba a ji. Mai jifa ba ya ganin ƙafarsa, idonsa na kan sanduna."

Nokuzola ta daina tuƙi ta zuba mini ido. Na ce mata tukunyarta za ta ƙone.

Gobe zan gwada masa takinsa a fili. Na kuma ce wa 'yata Zintle ta duba mini a wayarta ko alƙalin nan na Indiya yana raye. Ba don komai ba.