Ƙafafun Baba a hoton tattasai

Laraba da dare, Diffa

Kasuwar intanet ɗin nan ta sake ƙin hoton tattasanmu. Wai kaya kaɗai suke so a kan farin zane. Na duba, ashe ƙafafun Baba ne suka fito a gefe, duk faso, don shi ya taka min bakin zanen saboda iska.

A gaban Inna na ce, "Baba, ƙafafun nan naka ne ke korar mana masu saye."

Ya ce, "To, Malam Bukar," ya ja riga ya rufe su. Ƙafafun da suka sha laka a bakin Komadugu har tattasan ya nuna.

Na yanke su daga hoton, aka karɓa. Da isha'i na ga ya tafi masallaci da safa, cikin wannan zafin.