Cokalin Umma da Kwalba ta Uku

Litinin, 3 ga Maris

Yau Malama Sikeli ta ba mu aikin ƙarshe. Mu muka sa mata sunan, don ko gaisuwa ka yi mata sai ta auna kafin ta amsa. Kowa zai haɗa man shafawa nasa, ya zuba a kwalba, a ajiye a kan kantar ɗakin gwaji sati huɗu cur. In ruwa da mai suka rabu kafin lokacin, ka faɗi. Sau uku aka yarda mutum ya gwada. In na ukun ya rabu, sai baɗi, 'yan ajinmu su sa rigar kammalawa kana gefe kana tafi.

Shekara huɗu ina karanta kimiyyar kwalliya da lafiyar jiki a jami'a, wai kwalba ce za ta yanke min hukunci. Ni dai ko a jikina. 'Yar mai shagon gyaran gashi ce ni, a cikin mai na girma.

Laraba, 5 ga Maris

Na haɗa. Fari tas, sumul, har hoto na ɗauka. Ƙarfe huɗu ake rufe ɗakin gwaji, sai na tsoma kofin haɗin a ruwan sanyi ya huce da wuri, na samu na gama rubutuna. Ƙawata da muke kira Rediyo saboda surutu, wadda muke teburi ɗaya, tana can tana juya nata tana ba ni labarin ƙanwar mijin yayarta. Na riga kowa fita.

Na nuna wa Baba hoton. Ya ɗaga tabarau ya ce, "Masha Allah, likitar hoda ta kusa fitowa." Shekara huɗu ke nan bai gaji da wannan zolayar ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi ɓaranɓarama a shago.

Umma tana shafa wa wata nas man da take haɗawa da kanta, wanda mata ke layi a kai tun kafin a haife ni. Nas ɗin ta ce min, "'Yar jami'a, me kuka ce game da man Ummanki?" Da na yi murmushi kawai da shi ke nan. Ina! Bakina ya buɗe. Na ce ba a sa masa maganin da ke hana shi lalacewa, bayan sati uku ƙwayoyin cuta ne fal a ciki, kuma da ido ake auna shi, ba da sikeli ba. A gaban mata uku na faɗa.

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Malama, mun ji. In an gama lacca a share min gashin nan."

Gaskiya na faɗa fa. Amma dai.

Litinin, 10 ga Maris

Ya rabu. Mai a sama, ruwa a ƙasa, kamar waɗanda suka yi faɗa. Kwana biyar kacal!

Talata, 11 ga Maris

Na biyu. Wannan karon komai sau biyu na auna, na sa ido a kan ma'aunin zafi har idona ya yi ruwa. Na tabbata sikelin ne ya cuce ni wancan karon, don haka na canza sikeli. Rediyo ta ce ta ga ina saurin gamawa. Na ce mata wasu hannu ne da su, wasu baki.

A gida Umma tana min magana lafiya lau, ta abinci, ta wanki, ta komai. Maganar shago ce kawai ta daina yi da ni. Da can ina shigowa za ta fara, wance ta ƙona gashinta, wance ta zo da hoton da ko mai hoton ba haka kanta yake ba. Yanzu shiru. Ban san ina jin daɗin labaran nan ba sai yanzu.

Litinin, 17 ga Maris

Ya sake rabuwa. Na Rediyo yana nan daram, yana ƙyalli. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na gyara kwalli, don ko faɗuwa zan yi ba zan faɗi da jirwaye a kumatu ba.

Malama Sikeli ta ɗaga kwalbar ta duba a haske ta ce, "Awonki daidai ne. Saura ɗaya." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Laraba, 19 ga Maris

Ran Laraba da safe Umma ke haɗa mai a bayan shago, kafin mata su fara zuwa. Na ce na zo ɗaukar caja. Babu wata caja.

Na zauna a kan bokiti ina kallo. Kwanon nan nata mai tsaga a baki, da cokalin katako da ya sha mai har ya yi baƙi. Ta narka kakin zuma da mai, ta ɗumama ruwa daban, ta taɓa gindin kowane kwano da bayan hannunta. Sai ta fara zuba ruwan kaɗan kaɗan tana juyawa. Da ya yi fari ya yi kauri na ce a raina an gama. Ba ta tsaya ba. Waya ta yi ƙara, ba ta ɗauka ba. Mai kawo kaya ya yi sallama, ta ce ya ajiye a bakin ƙofa. Minti arba'in ina duba agogo.

Na kasa haƙuri na ce, "Umma, ai ya haɗu tun ɗazu."

Ta ce, "A ido ya haɗu. In kika bar shi da zafinsa, kina juya baya kowa zai kama gabansa. Hannu ba ya tsayawa sai man ya huce don kansa." Ta matso da kwanon kusa da kunnena. "Ji. Da yana cewa calap calap. Yanzu fa?"

Wallahi ƙarar ta canza, ta yi nauyi.

Na buɗe takardar umarnin da Malama ta ba mu a wayata. Layi na bakwai: a ci gaba da juyawa a hankali har ya huce. Sau nawa na karanta layin nan! Na ɗauka irin maganar cike takarda ce.

Sai na gaya mata komai, har da ruwan sanyin. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ruwan sanyi? 'Yata ta cikina?" Na ce ta yi haƙuri da maganar ran Asabar. Ta ce wace Asabar, ta miƙo min cokalin in wanke.

Alhamis, 20 ga Maris

Na uku, na ƙarshe. Na tafi da cokalin a jaka. Na san ba za a bar katako ya shiga kofin gwaji ba, da sandar gilashi na juya, amma dai yana jakar.

Minti hamsin. Kafaɗata kamar za ta cire. Rediyo ta ba ni labari uku, ban ji ko ɗaya ba. Ƙarfe huɗu ta wuce, kowa ya tafi, Malama tana tsaye da makulli. Ta gan ni na kara kunne a kofi ta ce, "Me kike saurare?" Na ce ƙararsa nake jira ta canza. Ta ce wa ya koya min. Na ce mahaifiyata. Ta mayar da makullin aljihu ta ja kujera ta zauna.

Juma'a, 28 ga Maris

Kwana takwas. Yana nan. Kullum sai na je na gaishe shi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baba ya ce shi bai taɓa ganin wanda ke zuwa dubiyar kwalba ba. Amma bayan an ci abinci ya tambaye ni a hankali, "Jikin nata da sauƙi dai?"

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sati huɗu! Malama ta ɗaga, ta karkata, ta jijjiga, ta shafa a bayan hannunta. Ta ce, "Ya yi." Daga bakinta wannan guɗa ce. Na rungume Rediyo har ta yi shiru, karo na farko tun da na san ta.

Zan sa rigar. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Shago cike. Ina wanke tsumma Umma ta leƙo ta ce, kamar ba komai ba, "Wannan abin naku da ke hana mai lalacewa, ɗigo nawa ake sawa a kwano irin nawa?" Na ce ba a ɗigo ake yi ba, sai an auna. Ta ce to in zo da sikelin ran Laraba, amma kada in kawo mata lacca.

Nas ɗin nan ta dawo. Na ji Umma tana ce mata na sati mai zuwa mu biyu za mu haɗa. Na yi kamar ban ji ba, na ƙara buɗe famfo.

Jiya na miƙa rahotona. A shafin ƙarshe, inda ake jera littattafan da aka duba, akwai manya guda shida. Na bakwai sunan Umma ne da adireshin shago. Shafin ne ya yi min kamar da saura, shi ya sa.

Cokalin yana jakata har yanzu. Ta sayi sabo, na gan shi a cikin kwanon. Ba ta tambaye ni tsohon ba.