Inna, Ciwon Nan Ya Dawo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Shekara huɗu ke nan da rabuwarmu. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma ke kaɗai nake iya yi wa maganar ciwon ciki ban ji kunya ba.

Inna, ciwon nan ya dawo.

Ba ki ma san ya taɓa tafiya ba, don haka bari in faro miki daga baya. Bara na yi ta ramewa har zobe ya daina zama a yatsana. Maigidana, Abban Husna, ya kai ni wani asibiti a cikin birni. Aka ɗebi jini, aka zura min wata siririyar roba ta baki aka duba hanjina. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce jikina ne ba ya shiri da alkama. Wai akwai wani abu a cikinta da ake kira gulutin, duk sanda na ci sai ya kankare min hanji, abinci ya wuce bai amfane ni ba. Babu ƙwaya, babu allura. Maganin kawai in bar alkama har ƙarshen rayuwata.

Dariya na yi a gabanta. Na ce mata da kuɗin gurasa da alkaki uwata ta raine mu ni da Yaya, mijina kuma duk rani alkama yake shukawa a bakin kwatar ban-ruwa, wajen Kadawa.

Amma na bari. Burodi, taliya, funkaso, fanke, duk na daina. Idan ana biki sai in ci tuwona a gida kafin in fita. Wata biyar na yi cikin lafiyar da ban san akwai irinta ba. Na koma kan keken ɗinkina. Na goya jaririn maƙwabta na kai shi har bakin titi ban tsaya hutawa ba.

Sai lokacin girbin alkama ya zo. Wata safiya na tashi cikina ya kumbura kamar an hura. Gudawa ta biyo, bakina ya fashe, ƙurajen da a da suke fito min a gwiwar hannu suka sake fesowa. Na zauna a bakin gado na lissafa duk abin da na ci. Tuwon masara, kunun gero, shinkafa da wake. Ban karya doka ko ɗaya ba.

Ban yi kuka ba, Inna. Na jira ya zo, bai zo ba. Na tashi na wanke buta, na ɗora ruwan wanka, na shirya Husna ta tafi makaranta. Haka na yi ta yi kusan wata guda. Idan aka ce ya jiki sai in ce da sauƙi, in ji muryata kamar ta wata ce a ɗakin kusa.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo dubiya da ƙullin sassaƙe. Kin san ta. Ta ce, "Ai dama na faɗa. Abincin da kakanninmu suka ci ne zai kashe mutum? Wannan basir ne, ko kuma bakin mutane." Na karɓa, na yi godiya, na ajiye a bayan randa. Ba ni da ƙarfin musu. Ranar ma na daɗe ina kallon burodin da Husna ta rage a faranti, ina cewa in ci da kar in ci duk ɗaya ne. Ban ci ba. Ba don na yi ƙarfin hali ba, ba na jin yunwa ne kawai.

Da muka koma asibiti likitar ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "A ina kike kai niƙa?"

Inji ɗaya ne a unguwarmu. Da aka yi girbi kowane gida ya kai alkama, masarata kuma tana bin bayanta a cikin injin. Mai injin bai yi laifin komai ba. Likitar ta ce ɗan abin da ya maƙale a ciki ya isa ya kwantar da ni. Ta tambayi rariya da muciya da turmi. Rariyarki nake amfani da ita, wadda kika shekara ashirin kina tankaɗen garin gurasa da ita, ranar girbi ma na ara wa maƙwabciya. Ta ce in daina amfani da ita, sai na wanke ta na rataye a ƙusa. Ban iya bayar da ita ba.

Abban Husna ya sayo min ƙaramin injin hannu da sabuwar rariya a kasuwar Kura. Yana ɗaure injin a jikin benci, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ko in bar alkamar nan gaba ɗaya, in koma tumatir?" Na ce tumatir ruɓewa yake a kwando in kasuwa ta faɗi, alkama kuwa tana jira. Na ce ya shuka abinsa, kawai kada a sake shigo da ita tsakar gida.

Sati uku ke nan ina niƙa da hannuna. Gudawar ta ragu, bakina ya fara warkewa. Ya kamata in yi murna. Ina neman murnar ban same ta ba.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki biro. Likitar ta ce ciwon yana bin jini, ta sa aka ɗebi na Husna, ranar Alhamis za mu karɓo sakamako. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna ki dafe da ciki a gaban tanderu kina cewa, "Cikin nan ne ya motsa, miƙo min kanwa." Na tuna farin idonki. Na tuna sau biyu ana ƙara miki jini ba a gano inda yake tafiya ba.

A watanki na ƙarshe komai kika ci sai ya dawo. Ni nake jiƙa miki burodi a shayi safe da yamma, don shi ne mai laushi. Ina ba ki a cokali kina cewa, "Allah ya yi miki albarka, Zulai, ke kaɗai kika san abin da nake iya haɗiyewa."

Likitar ta ce yanzu babu mai iya tabbatarwa, kada in ɗora wa kaina. Na ce to. Ban gaya wa Abban Husna ba, ban gaya wa Yaya ba. Ke nake gaya wa. Ban sani ba, Innata. Wallahi ban sani ba. Ki yafe min.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna wanda ba ya cutar da kowa. Ya raba Husna da wannan ciwon, in kuma ya rubuta mata, ya ba ni ikon kula da ita da sani.

'Yarki,
Zulai