Faɗuwar Baban Yara Daga Tsani

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa wa nemanka albarka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau, har yanzu ba ta barin kowa ya huta.

Yaya, hankalina a tashe yake, shi ya sa na rubuto maka. Makon jiya Baban yara ya faɗo daga tsani a gidan da yake yi wa fenti. Allah Ya taƙaita, kafaɗa ce kawai ta goce. Likitan da ke duba shi ba ya jin Hausa, mutumin naka kuwa ka san Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, don haka ni na zama tafinta da ɗan abin da na tsinta a makaranta. Na ce wa likita "fall", ina ganin na gama aikina. Sai ya ajiye biro, ya ce wannan kowa ya gani, shi irin faɗuwar yake son sani: "slip" ne, wato ƙafa ta zame, ko "collapse", wato jiki ne ya saki da kansa. Ya ce mu je mu yi tunani, mu dawo ranar Litinin.

Tun a hanya Baban yara ya ce in ce zamewa ce, wai fenti ne ya zuba a kan tsanin. Na san abin da yake tsoro. In aka ce jikinsa ne, za a hana shi hawa sama, mai fentin da ba ya hawa kuwa ya zama ɗan kallo. To amma ina wurin, Yaya, ni na kai masa abinci. Tsanin a bushe yake. Tsayawa ya yi cak, burushi ya fara suɓuce masa, sannan ya sulalo kamar riga ta bar ƙusa. Ko hannu bai miƙa ba don ya kama wani abu.

Na yanke shawara gaskiya zan faɗa, ko da zai yi wata yana gaba da ni. Sai dai kalmar "collapse" ɗin ta ƙi zama a bakina. Jiya ina wanke-wanke ina ta maimaita ta ƙasa-ƙasa, ashe yana tsaye a bakin ƙofa. Na zaci faɗa zai yi. Sai kawai ya ce ba haka ake faɗinta ba, ya gyara mini ita tsaf. Na tambaye shi a ina ya koya. Ya ce wani likita ne ya faɗa masa ita bara, lokacin da ya ce mini ya tafi aiki wani gari.

Ashe ba wannan ne karo na farko ba, ni kuma kullum ina yi masa a dawo lafiya yana tafiya yana hawa. Don Allah ka kira shi kafin mu koma asibiti, kai kaɗai yake jin nauyinka.

Ka gaishe mini da Anti da yara, musamman Auta. Inna ma tana gaishe ka, ita ba ta san komai ba tukuna.

Ni ce,
Ƙanwarka