Akwatin da Tihomir Bai Gama Ba

Litinin, 7 Oktoba

Nevena, matar Tihomir, ta ba ni makullin garejinsa. Ta ce in kwashe komai, ita ba za ta iya shiga ba. A jikin ƙofar an liƙa takardar rasuwarsa da hoto. Fuskata ce. Shekara hamsin da biyu muna tagwaye, sai yanzu abin ya dame ni.

Na tarar da akwatin a kan teburi. Katakon gyada, gabansa gilashi, an shimfiɗa jan ƙyalle a ciki. Don agogon aljihun Babanmu yake yin sa, na aikin jirgin ƙasa, ya so ya kai wa Mama ranar haihuwarta. Ba shi da kuba, da zanen yatsa zai riƙa buɗewa. Wayoyin duk a warwatse.

Laraba, 9 Oktoba

Direban bas ne ni. Me na sani a lantarki?

Asabar, 12 Oktoba

Ya bar littafi da zane-zanensa, jar waya nan, baƙa can. Na bi a hankali, na ƙona yatsa sau biyu da ƙarfen darma. Da na jona kwamfutarsa da ɗan allon lantarkin da ke sarrafa akwatin, sai rubutu ya fito: yatsa ɗaya ke ajiye. Nasa.

A kan ɗan gilashin da ake ɗora yatsa kuwa, in ka karkata shi wajen haske, ga shatin babban yatsansa da maiƙo. Ban taɓa ba. Na kifa kofi a kai.

Lahadi, 20 Oktoba

Addu'ar arba'in. Dafaffiyar alkama, kyandir, sanyi daga kogin Danube. Wata tsohuwa ta ganni a bakin kabari, ta saki jakarta.

Mama ta riƙe hannuna a mota ta ce, "Tisho, ka faɗa wa ɗan'uwanka ya riƙa zuwa." Tisho muke kiran Tihomir a gida; mantuwa ta kama ta, ta ɗauka ni ne shi. Na ce to. Likita ya hana mu yi mata gardama.

Talata, 22 Oktoba

Sakatar akwatin ta fara motsi. Na liƙa gilashin gaba, na sa agogon, na rufe. Ban ajiye nawa yatsan ba tukuna, ban san dalili ba.

Wajen ƙarfe huɗu ina shara, na juya baya, sai na ji ƙas. 'Yar fitilar akwatin ta yi kore, ƙofarsa ta buɗe da kanta. Babu kowa a garejin. Na kira sunansa, da ƙarfi ma. Kunya nake ji ina rubutawa.

Laraba, 23 Oktoba

Ya sake, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Ban je aiki ba, na ce mura.

Juma'a, 25 Oktoba

Na faɗa wa Nevena. Na zaci za ta ce na zare. Ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa da rigar sanyinsa a jikinta, muka jira. Da ya buɗe sai ta nuna taga. Rana ce ke sauka daidai kan ɗan gilashin tun da na ɗauke kofin, na'urar ta ga tsohon shatin ta ɗauka shi ne. Ta ce Tisho ya sha yi mata ƙorafin haka, wai kayan araha ne.

Na ce, "To in goge?"

Ta ce, "Zdravko, kwana uku ka bar fasinja a titi kana zaman jiran rana. Da yana nan da ya ce maka jaki."

Muka yi dariya, daga nan ta fashe da kuka. Ita ta goge, da hannun rigar.

Asabar, 2 Nuwamba

Ranar haihuwar Mama. Yatsunta sun sulɓe, na'urar ta ƙi karantawa, sau shida muna gwadawa. Na ajiye nawa a lamba ta biyu. Nasa yana nan a lamba ta ɗaya, ban share ba, ba kuma zan share ba.

Ta kai agogon kunne, ta tambaya wa ya yi akwatin. Na ce mu biyu. Ta ce ai ta sani, gefen nan a karkace yake, Tisho ba ya aikin karkace.

Alhamis, 7 Nuwamba

Na sayo katako da wani ɗan allon. Nevena na da tabaransa, ba ta da inda za ta sa. Ba wani abu ba ne, don dai kada kayan aikin su yi tsatsa. Na buɗe rediyo ina aiki. Sai da duhu ya fara na lura huɗu ta wuce tuntuni.